Likitar Layi da Ƙafar Ƙanenta

Duk wanda ya taɓa yin atishawa a layin nan ya san Likitar Layi. Ko ta taga ba ta taɓa leƙa ajin koyon jinya ba, amma tana da gwangwanin biskit cike da kafso kala-kala, ragowar na rayayyu da na matattu. Ciwon kai, kafso. Mura, kafso. An ce har kyanwar maƙwabta da ta yi tari sai da aka ɗura mata. Dokarta ɗaya ce: da ka ji sauƙi ka tsaya, ka kawo mata saura. Wai almubazzaranci ne mutum ya warke yana ta shan magani.

Ƙanenta Bakanike a hannunta ya tashi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka kafson da ya sha ya fi ruwa yawa. Ranar da inji ya suɓuce a gareji ya murƙushe masa ƙafa, kafin a sauke shi daga mota ta kama masa gado a asibiti. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Likita ya ce ƙafa za ta taka, in dai ɗinkin bai yi ruwa ba.

Ta tare a ɗakin masu karaya da tawul a kafaɗa. Baiwar Allah ba ta iya ganin gumi ta ƙyale. Ta goge wa tsohon bakin ƙofa goshi, ta gyara wa mai gyambon da ya ƙi warkewa bandeji, ta ɗaga wa wancan robar fitsari, sannan ta dawo ta latsa gefen ɗinkin ƙanenta.

"Nan ke zafi, ɗan uwana?"

Duk wannan da tawul ɗin nan ɗaya. Tawul ɗin da in aka matse shi, wallahi abin da zai fito sai ya miƙe ya kama hanya.

Ɗinki kuwa ya yi ruwa. Warin ya kai ƙudaje suka aika a kirawo danginsu. Aka yi allura, a banza. Aka canza, aka sake canzawa, kamar ana zuba wa dutse ruwa. Da gwaji ya fito, nas ɗin da ake kira Ba-Dariya ta same ta tana fifita ƙafar.

"Baba, ɗauke hannunki! Ƙwayar cutar da ke gyambon mutumin can, ita ce a ƙafar ƙanenki. Babu maganin da ke kan kantarmu da take ji."

"Ke, yarinya! Cuta ce za ta ƙi jin magani? Ku dai ce ba ku iya ba."

"Ku kuka koya mata! Kowa ya haɗiyi kafso ba dalili, ko ya sha yadda ya ga dama. Ragwaye su mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa, har su ba wa 'yan uwansu laƙanin. Nan kuma kullum magani ake zubawa, ai sai ƙasurgumai ke tsira. Ba su da fiffike, Baba. Hannu ke kai su, da irin wannan tsumman naki."

Likitar Layi ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ita da ta bar gidanta tana yi wa 'ya'yan wasu bauta? Ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

"To, ni hannu ɗaya ce a ɗakin nan? Famfonku tun zuwana ko hawaye bai yi ba! Sabulu sai ranar da manya za su zagayo. Likitanku ya taɓa wannan, ya latsa waya, ya taɓa wancan. Shi hannunsa daga sama ya sauko?"

Ba-Dariya ta fi kowa sanin haka, don ita ma daga gida take zuwa da nata sabulun. Abin haushin ke nan: kowa ya faɗi gaskiya, kowa kuma da nasa kason. Shi mai gyambo ma an tura shi wani asibiti da kayan tsarabarsa, can ma su ɗanɗana.

Aka keɓe Bakanike a ɗaki shi kaɗai, aka hana yayarsa shiga. Ta koma jikin gilashi tana zagin asibitin daga mai gadi har kwanon rufi. Aka nemo wata allura mai ƙarfin da ta fara taɓa masa ƙoda, zazzaɓi bai sauka ba. Daga ƙarshe likita ya ce ko ƙafa ko rai.

Ranar da za a sallame shi, Likitar Layi ta zo da wuri. Ta kawo masa wankakkiyar riga. Ta durƙusa gaban keken guragu ta zazzage leda, takalmansa suka faɗo ƙafa biyu, ta goge su har suna ƙyalli.

Bakanike ya daɗe yana kallonsu.

"Yaya," ya ce, "mayar da ɗaya."