Nababa da Dodon da Ya Haɗiye Damina

Duk wanda ya san Unguwar Ɗorawa, can bayan Dawakin Tofa, ya san Malam Nababa, ko da kuwa ta hanyar musu ne. Manomi ne na gaske: gero, dawa, gyaɗa, ga 'yar fadamar albasa. Ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma fa Allah ya hore masa taurin kai. Tun yana saurayi, in ya ce yau ba za a yi ruwa ba, ko ya dawo gida sharkaf cewa zai yi raɓa ce.

Rigimarsa da ƙanensa Hadi kuwa a kan taki ce. Eh, taki! Gonakinsu na gado a manne suke, jerin gamba kawai ya raba su. Wata shekara Nababa ya sa a kawo masa tifar taki daga birni, direba ya yi kuskure ya juye a gonar Hadi. Shi kuma Hadi ya zaci nasa ne da yake jira, ya baje shi tas. Da damina geron Hadi ya yi baƙi ƙirin ya wuce tsayin mutum, na Nababa a gefe kamar mai jinya. Hadi ya ba da haƙuri, da rani kuma ya aiko da cikakkiyar tifa har gonar yayansa. Nababa ya ce ba zai taɓa ba. Tulin nan ya yi shekara da shekaru a kusurwar gona, har kabewa ta fito a kansa tana zuba 'ya'ya, ya hana kowa tsinka. Tsakaninsa da Hadi sai sallama, don kada malamai su ce ya ƙaurace wa ɗan'uwa, ita ma yana yin ta yana kallon wani wajen.

To, sai ga auren 'yarsa Ikilima, malamar firamare, ya taso da Sabiru mai gyaran waya a Ungogo. Kowa ya san ƙanen uba ne ke ba da aure. Nababa ya ce liman zai wakilce shi. Ikilima ta yi kuka har idonta ya kumbura, don Baffa Hadi ne ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta. Ta ce in ba shi zai ba da ita ba, gara a ɗaga bikin. Uban ya ce a ɗaga, shi ba sauri yake ba.

Ana cikin haka fartanya ta sare shi a ƙafa, ya kwanta a zaure yana yi wa kaji faɗa. Ikilima ta kawo masa wata 'yar na'ura da ta aro wurin Sabiru, girmanta bai wuce sabulun wanki ba, da allo da maɓallai.

“Wasan Japan ne, Baba, ya ɗebe maka kewa.”

“Ni? Da furfurata?”

“Labarin wani ƙauye ne, Baba. Dodo ya haɗiye musu damina, shuka duk ta bushe, shi ne mutum uku suka fita nemansa.”

Nababa ya tashi zaune. “Bayan sun yi shuka? Kai, wannan azzalumi ne! Miƙo nan.”

Ita take fassara masa turancin, shi yake dannawa. Da farko abin ya ɓata masa rai, ganin jarumin yana faɗa wa gidajen mutane kai tsaye yana buɗe musu akwatuna. Nababa bai yarda da wannan rashin tarbiyya ba. Kafin ya shiga kowane gida sai ya yi sallama da ƙarfi, har matarsa ta riƙa amsawa daga tsakar gida. Akwati kuwa bai buɗe na kowa ba, alhali a ciki ake samun makamai, shi ya sa ya daɗe yana yaƙi da takobin katako.

Amma faɗan ya burge shi ƙwarai. Bi da bi ake yi. 'Yar kibiya za ta tsaya a kan mutuminka tana ƙyaftawa, ka zaɓa: sara, magani, kare kai, ko gudu. Ka sari dodo, ka koma gurbinka ka tsaya. Dodo ya zo ya mare ka, shi ma ya koma nasa. Ba mai katse wani. Ya ma gwada su: ya ajiye na'urar ana tsakiyar yaƙi, ya yi sallar azahar, ya sha fura, ya dawo ya tarar da dodo a tsaye yana jira. “Kin gani?” ya ce wa Ikilima. “Ko dodonsu ya fi wasu mutanen garin nan ladabi.”

Sai da ya yi nisa ya tsaya haɗa baƙaƙen da ke saman kawunan jaruman. Mai takobi, Nababa. Madalla. Mai baka, Ikilima. Siririn nan mai sanda da ke ba da magani kuwa, Hadi.

“Wa ya sa wannan sunan?”

“Sabiru ya ce in an sa ba ya canzuwa, Baba,” in ji ta, tana kallon ƙasa.

Daga ranar Hadin wasa ya shiga uku. Nababa ya mayar da shi can baya, duk sanda kibiya ta zo kansa sai ya danna masa kare kai, ya ce, “Tsaya nan, ba na buƙata.” Ƙananan dodanni dai an ci su da ƙarfin tuwo. Amma da aka isa kogon babban, mai damina a ciki, labari ya sha bamban. Yana feso dafi, jan layin da ke nuna ran Nababan wasa ya riƙa zurarewa, sai ka ga ya faɗi rigingine. Ya sake, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Ƙafa ta warke tuni, amma in matarsa ta yi zancen gona sai ya kama ɗingishi.

Ran nan da hantsi, ran Nababan wasa saura ƙiris, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, kibiya ta koma kan Hadi. Malam Nababa ya waiga bai ga kowa ba, ya yi tsaki, ya danna magani. Ɗan siririn nan bai yi gori ba, bai tuna masa an bar shi a baya ba. Ya tako gaba ya ɗaga sanda, koren haske ya sauka, Nababa ya miƙe garau. Sannan ya koma gurbinsa ya tsaya. Kibiya ta dawo kan Nababa tana ƙyaftawa.

Ya zuba mata ido ya kasa dannawa. Wallahi kunya ce da kewa suka haɗe masa.

“Baba,” in ji Ikilima daga bakin ƙofa, ashe tana nan. “Shi ya yi nasa. Kai ake jira.”

Nababa ya miƙe tsaye. Ya ajiye na'urar, ya zura takalmi, ɗingishi ma ya manta da shi. Ya je kan tulin takin nan ya tsinko kabewar da ta fi kowace girma, ya ɗora a ka, ya ratsa gari mutane suna leƙe. A ƙofar gidan Hadi ya yi sallama, wannan karon yana kallon ƙofar.

Hadi ya fito ya yi turus.

“Ungo kabewarka,” in ji Nababa. “A kan takinka ta fito.”

“Takinka ne, Yaya.”

“Na ce naka ne!”

“To, na ji, nawa ne,” in ji Hadi, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa hannu, Nababa bai saki kabewar ba, suka tsaya riƙe da ita su biyu.

Da kaka ta yi, Hadi ne ya ba da auren Ikilima. Bayan an shafa fatiha ango Sabiru ya durƙusa gaida suruki, ya ɗan yi ƙasa da murya ya tambaya ko an kashe dodon.

“Yana nan a tsaye,” in ji Malam Nababa. “Ƙyale shi ya jira. Wanda ya fi shi daraja ma ya jira ni.”