Ankon da Keji Ta Ɗinka wa Kanta

A layin teloli na kasuwar Itoku, cikin Abeokuta, in ka tambayi Morenikeji sai a yi ta kallonka. Ka ce Keji tela, ko ka rage murya ka ce "mai faɗuwa", nan take a nuna maka shagonta. Farfaɗiya ta kama ta tana 'yar shekara tara, yanzu tana da arba'in da ɗaya. Maganin asibiti ya rage abin zuwa sau biyu ko uku a shekara, amma bakin mutane ba a samo masa ƙwaya ba tukuna.

Danginta ba sa wata biyu ba biki, kuma kowane biki da ankonsa. Keji ce ke ɗinka wa matan gidan kaf, don almakashinta ba ya kuskure. Ita kuwa ba a taɓa yanka mata ko yadi ɗaya ba. Iya Alaba, yayar mahaifinta mai rabon yadi, ita ta kafa dokar.

"Ki zauna ki huta, 'yata. Kiɗa da zafin rana ba naki ba ne. Za a kawo miki amala har shago."

Kowa ya san tsoron tsohuwar, kada Keji ta faɗi gaban surukai a ce ciwon a jinin gidan yake. Har bikin binne mahaifiyarta haka aka yi mata, ta ɗinka anko ta zauna a shago tana jiyo ganguna. Wannan kam ya karya ta. Ta rufe shago, abinci ya fita kanta, ta koma kwanciya fuska a bango.

Ranar karɓar magani, likitarta, wata mata da ba ta iya kewaye-kewaye ba, ta tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Keji ta ce kullum. Likita ta ajiye biro, ta ce wannan ciwo ne daban, ciwon damuwa, yana yawan bin masu farfaɗiya, kuma yana da magani. Ta ƙara mata ƙwaya ɗaya a kan na da, ta kira ƙanenta Gbenro ta ɗora masa kula da ita da kawo ta duk sati biyu.

Zuwan farko Keji ta shiga da faɗa. "Likita, ƙwayar nan taki anya ba alli ba ce?"

Likita ta ce, "Anti Keji, kin taɓa ganin an shuka rogo an ci a sati biyu? Ki ci gaba da sha."

A sati na bakwai aka jiyo ta tana yi wa maƙwabciyarta tsiya kan wani wuyan riga da ya karkace. Duk layin ya yi murna, har ita mai shan tsiyar.

Sai ga auren Tinuke, 'yar Gbenro. An zaɓi atamfa shuɗiya mai zanen kifi, mata arba'in da uku, kuma Iya Alaba ta tsallake Keji kamar kullum. Gbenro ya ce zai sayo mata a ɓoye.

"Bar kuɗinka, uban amarya," in ji ta. "Ka je ka nemo shanun girki."

Ƙyallen da ya rage bayan ɗinki na tela ne, wannan ba wanda zai yi musu. Keji ta yi ta yanka da dabara, ta fitar da ɗan abu daga yadin kowace mace, ba tare da ta tauye wa kowa riga ba. Ta bi ƙyallayen tana haɗa kan kifi da jelarsa, har buba da zane suka tashi.

Ranar biki ta sha magungunanta, ta ɗaura gwaggwaro, ta nufi rumfar biki. Tsoro take ji sosai. Ta je gaban Iya Alaba ta durƙusa. Tsohuwar ta shafa zanen, yatsunta suka yi ta cin karo da ɗinki.

"Wa ya ba ki yadi?"

"Ku duka, Iya. Naki ne a kafaɗar hagu."

Matan da ke kusa suka fara leƙe, kowace tana neman nata, ana ta dariya ƙasa-ƙasa. Iya Alaba ba ta yi dariya ba.

"To in kin faɗi fa?"

"Sai ki juya ni gefe, ki sa min abu mai taushi ƙarƙashin kai, kuma kada a tura min cokali a baki. Minti biyu ne ya wuce. Shekara ashirin ina faɗuwa ni kaɗai a shago, Iya."

Kunya ta kama tsohuwar. Can ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke gefenta.

"Zauna nan kusa da ni," in ji ta. "Gwaggwarona ya fi na kowa girma, shi zan sa miki ƙarƙashin kai."