Layin Rawaya a Jikin Jirgina

Hoton shugaban ƙasar ya hau jirgina tun bai daɗe da hawa mulki ba. Na kira wani mai zane daga Yelwa ya yi mini shi a goshin jirgin, da hularsa da ɗan murmushinsa. Ban yi boko mai nisa ba, daga firamare na bi mahaifina ruwa, amma ina sauraron rediyo, kuma maganar mutumin ta shige ni. Yana son a gyara ƙasa, doka ta hau kan kowa, ta fara daga kansa. Duk wanda ya zage shi a tashar jirgi, da ni yake faɗa.

Sana'ata ɗauko mutane da kaya daga ƙauyukan tsallake zuwa kasuwar Yelwa: buhunan albasa, shinkafa, bandar kifi, wani lokaci har babura. A zamanin shugaban ne wani ma'aikaci ya zo tasha da gwangwanin fenti ruwan rawaya. Ya auna jiragenmu ɗaya bayan ɗaya, ya ja wa kowanne layi a gefe. Ya ce idan ana lodi ruwa ya taɓa layin, a tsaya, ko da uwar mai jirgi ce ta rage a gaɓa. Da ya gama nawa na miƙa masa kifi a leda, kamar yadda aka saba. Ya dubi kifin, ya dubi hoton.

"Kai da ke yawo da wannan bawan Allah a goshi? Tahi da kihinka gida, iyali su ci."

Ban taɓa ganin haka ba. Na yi kwanaki ina ba da labarin a wurin mai shayi.

Amma layin ya matse ni. Inda nake ɗaukar kaya har in ƙoshi, sai ga shi ina barin buhuna a yashi, wani jirgin yana kwashewa. Sauran masu jirgi ba su damu ba, ruwa ya rufe layinsu su tashi inji, kowa na gani. Ni kuwa ina jin kunyar hoton. Da lokacin gyara ya yi, muka kifa jirgin a yashi na shafe shi da kwalta. Na rufe layin ma'aikacin, na sayo fenti irin nasa, na ja sabo sama da wancan da faɗin tafin hannuna. Da rana tsaka na yi, rediyo na rataye a wuyana. Na gaya wa zuciyata cewa ai ni ko ba komai ina da inda nake tsayawa.

Abin ya karɓe ni. Aka riƙa kirana mai layi. Mata masu goyo suna wuce jirage su jira nawa, ni kuma ina tsawa a gaban jama'a idan ruwa ya taɓa fentin: "Ya isa, doka ce."

Shugaban ya rasu bai gama abin da ya faro ba. Ranar ban fita aiki ba, na zauna a cikin jirgi na yi kuka. Bayansa babu wanda ya sake zuwa da gwangwani. Layukan sauran jirage suka koɗe suka ɓace. Nawa kaɗai ya rage, domin duk shekara ina sabunta shi, a inda na mayar da shi. Idan aka taso da zancen marigayin a wurin mai shayi, aka ce bai bar komai ba, nakan ce manyan da ke kewaye da shi ne suka ci amanarsa. Da ƙarfi nake faɗa.

Da gwiwoyina suka gaza, na miƙa jirgin ga babban ɗana. Ya tashi yana jin ana yabon layin, ya riƙe shi fiye da yadda na taɓa riƙe shi. Idan ɗan kasuwa ya matsa masa a ƙara buhu ɗaya, sai ya nuna fentin ya ce, "Layin Baba ne, ba a ƙetare shi." Da wani jirgi ya kife can wajen Ngaski aka rasa rayuka, innarsa ta roƙe shi ya bar ruwa ya koma acaba. Ya yi dariya.

"Inna, waɗancan lodin ganganci suka yi. Namu aunanne ne, gwamnati ta auna shi. Ko ba haka ba, Baba?"

Ina cin tuwo. Na ce haka ne.

Wata ranar kasuwa a cikin damina ina zaune a gaɓa iska ta taso. Na hango jirgin yana tahowa, lodinsa daidai layi, babu ƙari. Igiyar ruwa tana dukan gefensa tana zubowa ciki, mata suna kwarfewa da kwanonin abincinsu. Matar ɗana tana ciki da jikokina, sun dawo daga suna. Na san faɗin tafin hannun nan da na sace shi ne ruwan yake bi yana shiga. Allah ya kawo su gaɓa. Ɗana ya sauko jiƙe sharkaf yana cewa da ba don layin ba da yau wani labarin ake yi.

Washegari da safe na same shi yana duba inji. Na ce ya zo gefen jirgi. Na gaya masa duka, ban rage ba. Bai ɗago kai ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kana firamare."

"Baba, a kan layin nan na ɗora iyalina jiya. Na rantse wa mutane da shi."

Can ya ce, "Ina na gaskiyan?"

Muka tara mutane aka jawo jirgin kan yashi, muka ce gyara za a yi. Ya ɗauki wuƙa yana kankare kwalta a inda na nuna masa. Shafe ya hau kan shafe, ya daɗe yana kankara kafin wani ɗan rawaya ya leƙo. Yana nan inda ma'aikacin ya bar shi. Ɗana ya bi shi da sabon fenti, ya shafe nawa da baƙi. Na miƙa hannu in riƙe masa gwangwanin, ya ajiye shi a ƙasa.

Yanzu yana barin kaya a yashi fiye da dā, 'yan kasuwa suna ƙorafi, wasu sun koma jiragen da ba su da layi ko kaɗan, kuma ina kallonsu suna tashi a danne. Da suka tambaye shi dalilin saukar da layin, ya ce jirgi ya tsufa. Bai tona ni ba, kuma ni ma har yau ban iya tsayawa a tasha na faɗa da bakina ba.

Hoton shugaban ya koɗe, hular kawai ake ganewa. Na ce a kira mai zane ya sabunta, ɗana ya ce a bari tukuna. Yana durƙusawa ya gaishe ni kullum, yana aiko da cefane. Amma jiya na ji shi yana hana wani mai albasa ƙara buhu. Ya nuna fentin ya ce, "Ga layi nan." Na saurara ko zai ƙara sunana kamar dā. Ya juya ya tashi inji.