Bangon Ɗakin Jego

Jiya ƙasa ta zubo daga katangar maƙwabcina, ta faɗa cikin kwanon da nake wanke-wanke. 'Yar ƙara ce, kamar ana tsiyayar gero. Hannuna yana cikin kumfa, na kasa fitar da shi. Na san ƙarar nan tun ina yarinya.

Gidanmu na ƙasa ne, a wani lungu wajen Ƙofar 'Yandaka. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maza sukan kwaɓa ƙasa su yi yaɓe. A shekarar da nake ba ka labari, Baba ya gaji da yaɓe. Ya sa aka shafe ɗakin mahaifiyata, Inna, da siminti ciki da waje. Ya yi sumul. Mata suna shigowa suna shafa bangon da tafin hannu. Har Kaka, uwar Baba, da ba ta yabon komai, ta ce ya yi kyau.

Cikin marka Inna ta haifi namiji. Safe da yamma Gwaggo, ƙanwar Baba, tana tafasa ruwa a babbar tukunya, a yi wankan jego a bayan ɗaki. Ruwan yana kwanciya a gindin bango. Sama kuma ba ta ɗauke ba. Bangon ƙasa idan ya sha ruwa yakan yi duhu, ka gani, ka tokare shi. Wannan bai nuna komai ba. Ƙasar tana narkewa a ciki, siminti ya rufe ta.

Ɗakin ya fara wari irin na tsohuwar rijiya. Tururuwa suka riƙa fita a jere, ɗauke da ƙwai. Ƙofar ta karkace, ba ta tsayawa a buɗe sai an riƙe ta.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar, maza suna kasuwa, ana yayyafi mai sanyi. Ina zaune ina kore wa jariri ƙuda. Sai ƙasa ta fara zubowa daga azara, tana faɗawa cikin kwanon kunun Inna. Kaka ta shigo, ta dubi sama, ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ya amsa kamar ƙwarya a kife.

Ta ce wa Inna, "Tashi, fita."

Gwaggo ta tare ƙofa. "Iya, mai jego cikin ruwan nan? Yanzu fa ta fito wanka! In sanyi ya shige ta, wa zai fitar da shi?"

"Sanyi yakan ba mutum kwana. Bango ba ya bayarwa. Kauce."

Gwaggo ta tallafi Inna suka fita, don Inna jiri take ji. Kaka ta ce in ɗauko ɗan. Na ɗauke shi. Sai azara ta yi ƙara a bisa kaina. Ina jin Inna tana kirana daga tsakar gida, ina ganin ƙofa, na kasa motsi. Kaka ta danne ƙofar da bayanta don kada ta rufe. Ba ta yi tsawa ba. Ƙasa-ƙasa ta yi magana, kamar mai aikena sayen gishiri.

"Bar kallon sama. Dubi ƙafarki. Ɗaga ɗaya."

Na ɗaga.

"To, ɗayar."

Haka na fito. Kafin la'asar ɗakin ya zauna a kan gadon Inna. Ko ƙara sosai bai yi ba.

A wannan makon Inna ta fara tari. Ba ta kai kwana arba'in da haihuwa ba ta rasu. Gwaggo har ta bar duniya tana cewa sanyin ranar ne. Washegarin sadakar uku Kaka ta ɗaure zani, ta shiga tsince tubalin da bai narke ba. Ni aka goya wa yaron. Ya rayu.

Ana cewa wahala tana ƙara wa mutum ƙarfi. Ni ban ga haka a jikina ba. Har yau idan abu ya faɗo mini, sandarewa nake fara yi. Ranar da aka bugo waya mijina ya yi hatsari a hanyar Kano, na tsaya da muciya a hannu har tuwo ya kama. Da ina jin haushin kaina. Yanzu na san halina. Zan tsaya, abin ya sake ni, sannan in nemi aikin da ya fi kusa da hannuna. Ranar, tukunyar na fara saukewa, sannan na nemi mayafi.

Yau 'ya'yana a asibiti suke haihuwa, ruwan wankansu ya bi bututu. Lungunmu ya koma bulo, in ban da katangar maƙwabcina. Amma ruwan yanzu ya fi na da fushi, magudanan unguwa kuma leda ta toshe su. Tun safe hadari yake haɗuwa a gabas, kaji sun yi shiru. Na ɗora buhun masara a kan benci. Takalmana suna bakin ƙofa, na juya su suna kallon waje.