Wayar Malama Hindu da Burodin Mahmuda

A'a Muhtari, dakata. Ka ce don mi za a yi wa Malama Hindu walimar ritaya, macen da ba ta da aiki sai kallon waya kamar masu zaman banza? To zauna ka ji abin da take kallo, tunda ranar kana Gusau.

Shekara talatin da biyar tana koya wa 'yan mata lissafi nan Ƙaura. In an tashi, ba gida take nufa ba. Sai ta zagaya bayan tasha inda sabis ya fi kamawa, ta tsaya cikin rana, jaka a hammata, tana sauko da darussa daga intanet. Wasu da Larabci, wasu da Turanci, duk kan abu guda: yadda ake auna magana kafin a haɗiye ta. Malamai na ce mishi manɗiƙi. Ran Alhamis ta kife turmi a tsakar gidanta, ta ɗora wayar, ta juya muna shi da Hausa. Ni ko alif ban sani ba, amma na riƙe tambayoyinta biyu. Wa ya gani da idonsa? Abin da aka gani ɗin, ya isa ya haifi abin da aka ce?

Bara da damina aka saki murya a waya, ba suna, wai ɗana Mahmuda ke kai wa mutanen daji abinci. Hujjar? An gan shi ya ɗaure burodi buhu guda a babur ya yi hanyar Ɗan Isa. Kafin azahar ƙofar gidana ta cika da maza da gora, yaron na ɗaki ya ɓuya. Ka san abin da ke biyo bayan irin wagga murya. Ni har na fara salati.

Sai ga Malama, hijabi duk alli. Ko murya ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ku taimake ni, kaina ya tsufa. Mutanen daji na sayen burodi da yawa, Mahmuda ya sayi da yawa, shi ke nan ya zama nasu?"

Suka ce ƙwarai kuwa.

Ta juya wajen Nuhu mai shayi, wanda gorarsa ta fi ta kowa kauri. "Kai buhu nawa ka ɗauko yau?"

Wani ya tuntsire da dariya. Nuhu ya mai da gorar baya.

"Wa ya ga inda Mahmuda ya sauke?" Ba wanda ya gani. "To a je a gani. Ni ina nan bakin ƙofa."

Nan ta tsaya, ba ta gusa ba, har 'yan aike suka dawo. Gidan suna suka iske, ga ragowar burodin har an ba su tsaraba.

Malama, ke ce kika tare ƙofata da tambaya, ba da sanda ba. Ke ce kika koya wa tsohuwa cewa "wa ya gani?" ba rashin kunya ba ne. Allah shi saka miki, shi ƙara wa idonki haske. Ku kuma masu waya, darussan na nan inda ta samo su, ba a kulle suke ba. Ku sauko da su. Mu dai Alhamis ba mu fasawa, ko ta gaji ni zan kife turmin.

Yanzu mu auna taka, Muhtari. Masu zaman banza na kallon waya, Malama na kallon waya, shi ke nan ta zama tasu? Burodin Mahmuda ne ka sake ɗaurowa, ɗan nan. Kuma tun da ka zauna, sau huɗu ka duba taka wayar. Tashi ka nemo kujeru.