Buhun masara daga ƙungiyar ofis

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, na ga abokan aikina kowa na komawa makaranta, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Na shiga karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, irin na ƙarshen mako. Da aka zo zaɓen abin da kowa zai yi bincike a kai, sai na ɗauki taimako da kyauta: wa ke bayarwa, me ya sa yake bayarwa, kuma ta wace hanya. Gaskiya ba tausayin talaka ne ya ja ni ba. Na ji ana cewa fannin yana tashe, gidauniyoyi na neman masana, har na fara hango kaina a ɗakin taro da babbar riga ina gabatar da ƙasida.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne marar yawan magana. A babin farko da na kai masa na rubuta, da cikakken ƙarfin gwiwa, cewa a wajenmu taimako mai tsari sai masu hali, ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a iyakarsu sadakar ranar Juma'a. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta a gefe: "Wa ya gaya maka?" Sannan ya miƙo mini takardun ya ce in fita in tambayi mutane.

Na buga takardun tambayoyi jibgi guda, na shiga Kawo da Kurmin Mashi wurin teloli da kafintoci da makanikai. Na sha kunya. Wani tela ya karanta tambayar da ke cewa sau nawa kake kyauta a wata, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, so kake in ɓata ladana don kai ka samu takardar shaida?" Wani kafinta kuwa ya karɓa da ladabi, da na dawo bayan kwana uku na tarar ya ƙunshe ƙusoshi a ciki.

Wani abokina da ke sayar da kayan babur a Hayin Banki ya yi mini dariya har ya gaji, sannan ya ce, "Masu bayarwa ba za su taɓa faɗa maka ba. Ka nemi wanda ake bi ta hannunsa." Shi ya kai ni wurin wani tsoho mai sayar da hatsi a unguwar, wanda ya daɗe a sana'ar tun kafin a haife ni. Mutane kan zo su biya shi su ce a kai gero ko masara gidan wane, kada a ce daga ina.

Mun zauna a benci bayan la'asar, tsakanin buhunan dawa. Ya ce zai ba ni labari amma ba suna, kuma in kashe abin ɗaukar murya. Na yarda, na fiddo biro. Ya ba ni labarin wata mai ƙosai da ke ciyar da makwabciyarta makauniya, da na wasu direbobi da suka haɗu suka riƙe iyalan abokinsu. Ina ta rubutu ina jin daɗi, ina cewa a raina yau kam na samu abin da zan rufe bakin malamina.

Sai na ce, "Baba, wanne ne ya fi tsaya maka a rai?"

Ya ce akwai wani masinjan ofis. Maigidansa na wurin aiki ya rasu ya bar mace da 'ya'ya huɗu ƙanana. Bayan sadakar arba'in mutumin ya zo ya ce duk farkon wata a kai buhun masara gidan. Tsohon ya ce, "Na ce masa, kai da kake awo mudu-mudu, ina kai ina buhu? Ya ce marigayin ya taɓa tsaya masa lokacin da aka so korarsa daga aiki a kan laifin da bai yi ba. Idan ya tashi daga ofis facin taya yake yi a bakin titi har magariba. Shekara bakwai, wata bai taɓa tsallakewa ba."

Na ce, "To su mutanen gidan me ake gaya musu?"

Ya yi murmushi. "Ai shi ya koya wa mai kurar da ke kaiwa. In ya yi sallama sai ya ce, saƙo ne daga ƙungiyar ma'aikatan ofishin marigayi."

Biron ya tsaya a hannuna. Wannan jimlar na san ta kamar yadda na san sunana. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya mahaifina ya rasu, mu huɗu ya bari, ni ne babba. Duk farkon wata haka mai kura ke faɗa a ƙofar gidanmu, kalma ba ta canzawa. Har na girma ina alfahari da ita, ina gaya wa mutane cewa ma'aikatan zamanin da sun san zumunci.

Na daure na ce, "A wace unguwa ce, Baba?"

Ya ce, "Abakpa. Daga nan kuma ba zan ƙara maka ko kalma ba."

Ban san yadda na yi masa sallama ba. Na tuna dai abokina yana tambayata ko zazzaɓi ne ya kama ni, don gumi ya jiƙe mini riga. Ba sai an faɗa mini wane ne ba. Masinja ɗaya ne a ofishin mahaifina, wani siririn mutum mai keke, wanda muke kira Baban ofis. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: duk ƙarshen azumi, shi muke ba zakkar kono. Mahaifiyata za ta auna daga masarar da ke cikin gidan, ni zan kai masa. Yakan karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya yi ta sa mana albarka. Ni kuwa in juyo ina jin kaina wani mai kyauta. Ashe masararsa nake mayar masa, yana mini godiya.

Daga Hayin Banki kai tsaye na wuce Abakpa. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana gyaran alayyaho. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Mama, buhun da ake kawo mana bayan rasuwar Baba, kin san ba ƙungiya ce ke aikowa ba?"

Na zaci za ta zabura. Ko wuƙar ba ta ajiye ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

"Mama, kin sani ke nan?"

Ta ce, "Zauna." Na zauna a kan turmi kamar wanda aka kama da laifi. Ta ce bayan ta fita takaba ta shirya ta je ofishin don ta yi wa ƙungiyar godiya. Aka yi ta kallon juna, aka ce babu wata ƙungiya da ke aika hatsi. Wata na gaba da mai kura ya sauke, sai ta sa mayafi ta bi shi daga nesa har rumfar mai hatsi. Ta riƙa zagayawa wurin, ran nan ta hango keken Baban ofis a jingine, shi kuma yana tsugune suna magana da tsohon. Ta juyo gida, ba ta gaya wa kowa ba.

Na ce, "Amma Mama, kin sani, kuma kika riƙa aike na da zakka wurinsa? Daga cikin abinsa?"

A nan ne ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Tun mahaifinku na raye shi muke ba. Da na daina, da ya gane na sani. Mutum ya wahala ya rufa mana asiri, ya rufa wa kansa, sai ni in tona? Kana tsammani da sauƙi nake auna masarar nan? Sai na shiga ɗaki na yi kuka sannan in kira ka."

Can na ce gobe zan je in yi masa godiya, in durƙusa a gabansa. Ta ce, "Kada ka kuskura. In za ka je, ka je gaisuwa. Kuma ban yarda ka sa shi a takardarku ba."

Na kwashe mako biyu ban taɓa aikin ba. Da na koma wurin malamina na ba shi labari, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Wannan ya fi duk abin da ka rubuta. Amma ba naka ba ne kai kaɗai, kuma masu shi ba su ba ka ba." Haka na cire shi. Na yage babin farko, na sake gina kundin a kan masu shiga tsakani irin su mai hatsi, ba tare da labarin da ya fi kowanne ba. A wurin kare kundin wani malami ya ce aikin ya yi kyau amma misalan ba su da zafi. Na ce na gode.

Gaisuwar kuwa na je. Baban ofis ya yi ritaya, yana zaune a wani ɗan gida a Kurmin Mashi, idonsa ya fara rauni. Da ya ji muryata sai ya yunƙura zai tashi tsaye, yana cewa, "A'a, ɗan maigida ne da kansa! Ku kawo tabarma mai kyau." Na riƙe shi na ce don Allah ya zauna, na zube a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya tambayi Hajiya, wato mahaifiyata, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Na gaya masa ina karatun digiri na biyu. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi. Da maigida na nan da ya yi murna. Me kake karantawa?"

Na ce, "Taimako, Baba. Yadda mutane ke taimakon juna."

Ya yi dariya har da tari. "Har wannan ma ana karantawa a jami'a? To, Allah ya ba da sa'a. Mu dai ba mu yi boko ba, ba mu san komai a kai ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, don in na yi magana zai ji a muryata. Daga ranar ban daina zuwa ba, kuma ban taɓa zuwa hannu sake ba, amma kullum sai in ce saƙo ne daga Hajiya. Har ya koma ga Allah ban furta masa kalmar da ta kai ni ba. Na rubuta wannan ne yanzu saboda mahaifiyata ta ba ni izini bayan rasuwarsa, da sharaɗin babu suna.

Yau ni ma nakan koyar da wannan fanni lokaci zuwa lokaci, kuma ban raina bincike ba, yana da amfani ƙwarai. Sai dai na daina yarda cewa abin da ya shiga takarda shi ne iyakar abin da ake yi. Har gobe abin bai bar raina ba. Na je makaranta in zama masanin masu kyauta, alhali da kyautar wani aka gina jikin da na je da shi. Mutum biyu, ɗaya na bayarwa yana ɓoyewa, ɗaya na karɓa tana ɓoye cewa ta sani, suka yi shekaru a haka don kada ɗayansu ya ji kunya. Ban san ko ya rasu yana zaton ba mu sani ba, ko shi ma ya gane ya yi shiru. Na tambayi mahaifiyata. Ta ce, "Wannan kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kai dai ka yi masa addu'a."