Dubiyar Ƙadangaren Wilson

Duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo a Sabon Garin Keffi ya san takun Mama Susana. Ba ta tsayawa a ƙofa jiran izini. Sai dai ka ji ƙarar silifas, labule ya ɗaga, ga ta da kular kunu a hannu ɗaya, 'yar kujera a ɗayan, don ba ta yarda da kujerun gidan mutane ba. Ta taɓa goshinka, ta gwale maka ido da yatsa, ta tambayi abin da ka ci. In ka kuskura ka ce ba ka iya ci, ka jawo wa kanka, don za ta zauna a kanka har sai ka sha. Ni Caroline shagon ɗinkina a jikin katangarta yake, kuma na ga mutanen da suka miƙe daga zazzaɓi don kawai an ce musu ga ta nan tafe.

'Yar Panda ce. Aure ya kawo ta Keffi tun muna cikin Jihar Filato, ta auri Malam Gamaliel, malamin firamare, mutum mai sanyi wanda ban taɓa jin ya kai ƙarshen magana a gabanta ba. Da aka ba mu jiha, Abuja kuma ta fara cika tana turo mutane ta wannan hanyar, sai ta kafa rumfar abinci kusa da tasha. Direbobi da leburori da ɗaliban jami'a da ma'aikatan da tsadar haya ta koro, duk sun ci tuwonta. Ilimin likitancinta guda ɗaya ne, kuma ba ta taɓa sauya shi ba: mai lafiya yana ci, wanda ya ƙi ci ko dai ciwo yake, ko fushi yake da kai.

Ɗanta ɗaya ne, Wilson. Bayan rasuwar Malam ta so ya zauna ya kama koyarwa kamar ubansa, shi kuwa ya sami aikin kwamfuta a Abuja, ya kama ɗaki a Lugbe. Suka yi ta cacar baki, har ta faɗa a gaban jama'a cewa garin da ya raba ta da ɗanta, ƙafarta ba za ta taka shi ba. Kuma ba ta taka ba. Shi ma sai Kirsimeti yake zuwa, ya zauna kamar baƙo da waya a hannu. In ya kira ta, ta ce ka ci abinci, ya ce na ci, shi ke nan hira ta ƙare. Abin yana cin ta ƙwarai. Na sani, don duk ranar da ya motsa mata, shagona take zuwa ta zauna tana kushe mini kalmasa.

Wata damina sai ga Wilson a tasi, da akwatin gilashi a kujerar baya. Wurin aiki za su tura shi kwas Legas na wasu watanni. Muka leƙa akwatin, sai ga ƙadangare. Wani faffaɗa ne mai launin yashi, da ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa kamar gemu, ya ɗaga ƙirji yana kallonmu sama-sama. Wilson ya ce sunansa Ciyaman, asalin irinsu daga Ostareliya ne. Mama Susana ta dubi akwatin, ta dubi katangarta inda ƙadangarun Keffi suke gyaɗa kai kyauta, ta tambaye shi ko saye ya yi. Ya ce saye ya yi. Na ga magana ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye, abin da ban taɓa gani ba.

Ya nuna mata fitilar da ke ɗumama akwatin, ya ce gyare yake ci da ganye, ban da tuwo, ban da miya. Sannan ya sassauta murya.

"Mama, amana ce. Ba ni da wanda zan bar wa shi sai ke."

Tun da aka binne Malam, yaron bai roƙe ta komai ba sai wannan. Ta riƙe abin da hannu bibbiyu. A ranta, in ƙadangaren nan ya koma hannun Wilson lafiya, ɗanta zai dawo mata, in kuwa ya mutu a gidanta, ko wayar na ci ba za ta ƙara samu ba.

Ciyaman ya ga gata. Ganyen ugu sai ta yanka shi sala-sala kamar za a kai gidan biki. Ita da take shugabar zumuntar matan coci sukutum, ka same ta a duƙe bayan banɗaki tana farautar gyare da murfin tukunya. Tana tsaye a kansa har ya cinye, sannan ta zo ta ba ni labari cewa wannan ya fi mai shi hankali, ba a roƙonsa ya ci.

Sai watan Agusta ya shigo da marka. Rana ta ɓuya, gari ya yi sanyi, taransifomar unguwa kuma ta ƙone, fitilar akwati ta mutu. Ciyaman ya fara rage ci. Daga nan ya ƙi ci gaba ɗaya, ya tona yashi a ƙarƙashin wani guntun icce, ya shige ya rufe ido. Ta kawo masa fara, ta kawo ayaba, ta riƙe gyare da ƙafa tana kaɗa masa a hanci. Ya buɗe ido ɗaya, ya dube ta, ya mayar ya rufe.

Ba ta gaya wa Wilson ba. In ya tambaya a waya sai ta ce lafiya lau, ta yi sauri ta sauya magana, sannan ta zo shagona tana neman gafarar Allah. Da abin ya ishe ta, ta miƙe a taron zumunta ta nemi a sa ƙadangaren ɗanta a addu'a. Mata suka toshe baki da gefen zani. Amma da aka tashi, kowace ta tuna ranar da take kwance, silifas ɗin nan ya shigo mata ɗaki. A unguwarmu, wanda ya duba ka a ciwo, ba a ce gidansa akwai mara lafiya ka zauna. Ba a taɓa cewa dole mara lafiyan ya zama mutum ba, don ba a taɓa zaton za a kai nan ba.

Haka dubiya ta ɓarke. Matan zumunta suka zo da anko, suka kewaye akwati, kowace ta sunkuya ta ce sannu Ciyaman, yaya jiki, sannan suka ja waƙa. Alhaji Sale mai nama ya aiko da romo. Madam Vera mai kanti ta kawo lemon kwalba. Baba Lateef bakanike ya zo da jiƙon saiwa a gora, ya rantse ko injin da ya buga in an zuba masa zai tashi. Duk wanda ya shigo sai ya ga jikin da idonsa, Mama Susana kuma ta tono Ciyaman daga yashi, ta gwale masa ido, ta juya shi, ta mayar. Abincin da aka kawo wa mara lafiya, masu dubiya ne suka cinye, har da ni, don romon Alhaji Sale ba abin wulaƙantawa ba ne.

Dattijo Manasseh, wanda ake ji da shi wajen shawara a coci, ya ja ta gefe. Ya nuna mata katanga da sandarsa, ya ce in ta Allah ta kasance, ga su nan birjik, a zaɓi mai ƙiba a ciki, yaran yanzu ba su cika lura ba. Ta raka shi har titi da maganganun da ba zan maimaita ba.

Wata safiya ta leƙo shagona da ƙaramin cokali da kofin kunu. Wai ɗure za ta yi masa, yadda ake wa jaririn da ya ƙi sha, in zo in riƙe mata kan. Nan na ƙi. Na ce ni tela ce, ban taɓa danne ƙadangare ba, kuma ba zan fara da na Ostareliya ba, mu je wurin likita tukuna. Ta zage ni tas, amma ta ɗauko mayafi. Muka sa shi a kwali, muka hau Keke Napep sai wurin Dokta Motunrayo, likitar dabbobi, wadda ofishinta ke warin maganin kaji.

Dokta ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce kaji da karnuka da awaki ta sani, wannan sai ta tambayi wata abokiyar karatunta a Abuja. Suka daɗe a waya. Sannan ta buɗe bakinsa ta ga babu yauƙi, ta duba ido ta ga garau yake, bai faɗa ba, ta kasa kunne ba ta ji ƙara a numfashi ba, ta matsa gindin wutsiya ta ji shi cike da tsoka. Da ta ɗaga shi ya damƙe mata yatsa, ya kumbura gemu har ya yi baƙi don haushi. Ta tambayi kashinsa na ƙarshe, Mama Susana ta ba da bayani har da wanda ba a tambaye ta ba. Aka ɗora shi a sikelin 'yan tsaki.

Dokta ta ce ga alama barci yake. Irinsu, in sanyi ya shigo rana ta ragu, sukan shige rami su kwanta na makonni, wani har watanni, ba ci, kuma ba sa ramewa. Mai ciwo shi ne za ka ga yana zubewa, ido ya zurma, kashi ya yi ruwa yana wari, in ka ɗaga shi ya yi laƙwas kamar tsumma. Ta ce mu dawo da shi a sake aunawa, in nauyi ya ragu a nemi tsutsar ciki. Kafin nan a ajiye masa ruwa a ƙyale shi. Abinci kuwa kada a ba shi, don cikin da ya yi sanyi ba ya narkarwa, ruɓewa zai yi a ciki. Da ta ji zancen ɗure, sai da ta ajiye biro ta riƙe kai.

"Wato in zauna ina kallon sa da yunwa?" in ji Mama Susana.

"Kada ma ki kalle shi, Mama. Masu zuwa gaisuwar ma a sallame su."

Ban taɓa ganin magani mai ɗaci irin wannan ba. Matar da ba a taɓa rufe wa ƙofa ta tsaya ba, ita ce yau take tare mutane a ƙofa tana cewa likita ta hana. Ta lulluɓe akwatin da zanin zumunta don ta hana kanta leƙe. Ta zo ta zauna a shagona, hannayenta a cinya ba su san abin yi ba, ko kalmasa ba ta kushe ba. Da muka koma awo nauyi na nan yadda yake. Ta ce ta ji, amma ita dai ba ta taɓa ganin mai lafiya ya ƙi abinci ba.

Wilson ya dawo wata Asabar da rana, ba sanarwa. Na biyo shi ciki, don irin wannan ba a barin a ba ka labari. Ya tarar da akwati lulluɓe da zani kamar gawa, ya tsaya cak. Kafin ya sauke jaka Mama Susana ta fara zuba: ta yi masa ƙarya a waya, abin nan tun shigowar marka bai ci ba, ta yi iya yinta, ya yafe mata. Ya ɗaga zanin, ya tona yashi a hankali, ya taɓa wutsiyar, sai ya fashe da dariya. Ya ce wayyo, ya manta bai gaya mata ba, haka yake yi in damina ta yi nisa.

Mantawa! Nan ta dawo Mama Susanar da muka sani, ta wanke shi tas. Ni kuma na ba shi labarin anko da waƙa da jiƙon Baba Lateef da shawarar Dattijo Manasseh, ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Can dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko da gaske duk mutanen nan sun zo. Na ce har da waɗanda ba a gayyata ba.

Ya ce bara ne Ciyaman ya fara yin haka, shi ma ya ɗauka mutuwa zai yi. A daidai lokacin kuma zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi kansa, a ɗakin nan na Lugbe, inda maƙwabcinsa ko sunansa bai sani ba.

"Ni da shi muka kwanta, Mama. Ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na tuna kin ce ba za ki taka garin ba."

Mama Susana ta juya tana ninke zanin zumuntar nan, ta warware, ta sake ninkewa. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon ta, na ce na bar dutsen guga a kan kaya, na fita.

Washegari Wilson ya koma Abuja, ya bar Ciyaman, don ba a yawo da shi yana barci. Asabar ta gaba da safe sai ga ta a ƙofar shagona, ta ci ado kamar za ta ɗaurin aure, ta miƙo mini makullin gida. Ta ce in sauya masa ruwa, kada in tone shi, kada kuma in ba shi komai ko da ya buɗe ido ya dube ni. Na raka ta tasha. Direbobin da suka girma da tuwonta suka yi ta kallon juna da ta ce Abuja za ta. Ta shiga gaba, ta gyara zama, ta taɓa kafaɗar direban.

"Ɗana, Lugbe ɗin nan, kafin Nyanya take ko bayanta? Ban san hanya ba, sai ka nuna mini."